Murzuna: Ɗan Ƙwaron Da Ke Rage Maka Fura

Ka taɓa riƙe zangarniyar gero a hannu ka ga wani layi ya nannaɗe ta kamar an zagaya ta da zare, kuma duk inda layin ya bi babu ƙwaya? To, aikin murzuna ne, kamar yadda manoma a Nijar ke kiranta.

Uwar tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, sunansa a kimiyyance Heliocheilus albipunctella. Ko ya sauka a kan wayarka ba lallai ka kula shi ba. Launinsa ruwan ƙasa ne ja-ja, da 'yan fararen ɗigo a fukafukai, kuma ko ya buɗe su bai kai santimita 3 ba. Gidansa yankin Sahel ne, daga Senegal har Sudan, da arewacin Najeriya a ciki.

Lissafinsa ne abin mamaki. Duk tsawon rani yana kwance cikin ƙasa. Ba ya fitowa sai ruwa ya zauna, daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Macen ta zuba ƙwai a kan sabuwar zangarniya, tsutsotsin su fara da furen, sannan su shige ciki suna yanke 'yan sillayen da ke riƙe da ƙwaya, suna tafiya a karkace. Kafin a yi girbi sun sauko sun koma ƙasa, sai baɗi. Gero mai saurin nuna ya fi shan wahalarsu. Ɓarnar ta yi ƙamari ne tun bayan farin shekarun 1970.

Feshi kuwa kusan asarar kuɗi ne, tunda tsutsar na ɓoye a ciki. Shi ya sa masu bincike na INRAN a Maraɗi suka koma ga wani mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor. Yana harbin tsutsar ta sandare, ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. A ƙananan buhunan algarara ake kiwonsa, a kai ƙauye a rataye kusa da gonaki, ya fito ya bazu da kansa.

Ni dai a ganina nan akwai sana'a, kuma ba ta buƙatar wani babban jari. In ka je gida da kaka, duba damin farko da aka shigo da shi, ka ƙirga zangarniya nawa ke da wannan layin.