Lissafin Gudun Babur: Abin Da Ya Kamata Mahayi Ya Sani

Sau da yawa a bakin gareji akan ji samari suna gardama a kan wane babur ya fi wane gudu. Wasu har sukan kashe kuɗi wajen sake faifan haƙori na gaba, wanda sarƙa ke hawa, wai don babur ya ƙara gudu. To, kafin mutum ya ɓarnatar da kuɗinsa, ga yadda ake lissafin.

Abubuwa uku ake dubawa: yawan juyawar inji a minti ɗaya, da yadda giya ke rage wannan juyi, da kuma kewayen tayar baya.

Alal misali, mu ɗauki ƙaramin babur mai taya 3.00-18. Tsayin wannan taya inci 24 ne, watau duk juyi ɗaya tana cin ƙasa kimanin mita 1.9. A ce injin yana juyawa sau 8,000 a minti, kuma a giyar ƙarshe sai ya juya sau 4 kafin faifan gaba ya juya sau ɗaya. In faifan gaba yana da haƙora 14, na baya 35, sai na gaba ya juya sau biyu da rabi kafin taya ta juya sau ɗaya. Ke nan juyin inji 10 ke ba da juyin taya ɗaya. Taya za ta juya sau 800 a minti, ta ci mita 1,520, watau kimanin kilomita 91 a awa.

In aka sa faifai mai haƙora 15, lissafi zai ba da kusan kilomita 98. Amma fa wannan a takarda ne kawai. Iska tana tare mai gudu, kuma in ana so a ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za a keta iskar da shi sai ya ninku sau takwas. Saboda haka ƙaramin inji yana iya kasa kaiwa juyi 8,000 ɗin, babur ya yi nauyin tashi, ya riƙa nishi a hawa, gudun ma ya ragu.

Wani lissafin kuma da ya fi wannan muhimmanci shi ne na birki. In gudu ya ninku sau biyu, nisan da babur zai ja bayan an taka birki kafin ya tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Don haka, jama'a, kuɗin da za a ba makaniki don neman kilomita bakwai, gara a sayi taya mai kyau da hular kwano da shi.