Kamun Kai a Jami'a, Inda Babu Ƙararrawa

Yaron da ya fito daga sakandaren kwana ya saba da ƙararrawa: ita ke tashinsa, ita ke kai shi aji, ita ke kwantar da shi. A Islamiyya ga malam da bulala, a gida ga Baba mai buga ƙofa da asuba. Ranar da ya sauke jakarsa a Samaru, ko a sabuwar jami'ar Bayero ta hanyar Gwarzo, duk wannan ya ƙare. Ba mai tambayar ko ya yi sallah, ba mai bin ba'asin rashin zuwansa lakcar ƙarfe takwas. Sai sakamako ya fito a ga kariyoba uku, a fara ɗora wa malami laifi.

Da yawanmu idan aka ce kamun kai, hankalinmu kan tafi ga tsare mutunci tsakanin samari da 'yan mata da guje wa shaye-shaye. Wannan babba ne, amma abin ya zarce nan. Ya haɗa da yadda ɗalibi ke juya lokacinsa da kuɗin guzurinsa da fushinsa, uwa uba wayarsa. Leƙa ajin karatun dare ana saura mako guda jarrabawa. Ga handawut a buɗe, ga biro a hannu, ga waya a gefe tana ƙyalli. "Bari in ɗan duba WhatsApp." Kafin ya ɗago kai sha biyu ta gota, yana nan a shafi na biyu, gobe kuma ya ce ai a aji ya kwana.

Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Barry Zimmerman, ya kasa karatun mai kamun kai gida uku: tsara abin da za a yi, lura da kai yayin aikin, sannan waiwaye a auna abin da aka cim ma. Ɗalibi Musulmi bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayanin irinsa a cikin Ihya'u Ulumiddin: mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, ya yi masa hisabi da dare, in ya saɓa ya tsawata masa. Matsalarmu ita ce mun ajiye wannan darasi a masallaci, ba mu shiga da shi laburare.

Salloli biyar kansu jadawali ne da aka riga aka zana. Wanda ya ce tsakanin Asuba da hantsi na lissafi ne, bayan La'asar na bita, bayan Isha'i waya ta shiga akwati, ya fi mai cewa "zan dage" nesa ba kusa ba, domin ya faɗi abin da zai yi da lokacin yinsa. Kuma wanda ya iya kame bakinsa wata guda cikin zafin Sakkwato, ba za a ce awa biyu ba waya ta gagare shi ba.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Wani ɗalibin ba ya fashin ta'alimi, kowane kwamiti na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da sunansa a ciki, amma kwasa-kwasansa na zubewa. Hidimar addini alheri ce, sai dai wani lokaci maɓoya ce ga mai gudun littafi mai wuya. Iyayen da suka sayar da hatsi suka biya rajista amana suka ba shi, cin amana kuwa ba ya zama ibada.

Ba kuma duk laifin ne na ɗalibi ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas, ga cunkoson ɗakunan kwana, ga rashin wuta, ga mai karatu da yunwa a cikinsa. Waɗannan na masu mulki ne su gyara. Amma shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da limaman masallatan jami'a, ku ma da naku: a makon karɓar sababbin ɗalibai, ku zaunar da su ku koya musu tsara mako da kasafin guzuri, kamar yadda kuke koya musu hukunce-hukuncen tsarki.