Dajin Gwandu Da Kalgo: Wa Ke Da Shi?

Mutane da yawa suna zaton daji ba shi da mai shi. Ba haka ba ne, hukuma ta kasa shi kashi kashi, kowane kashi da dokarsa.

A zamanin Turawa, bisa dokar daji ta 1937, akwai gandun dajin Gwamnati, akwai na En'e. Gwandu da Kalgo duk suna ƙarƙashin En'e ta Gwandu, mai mazauni a Birnin Kebbi. In za a keɓe gandu, sai a bincika hakkin mutanen wurin tukuna, sa'an nan a sa iyaka. Daga nan ba mai sara ko noma a ciki sai da izni, malaman daji kuwa suna tsaro.

A 1965 Gwamnatin Arewa ta ƙara kashin makiyaya, watau inda aka keɓe wa dabbobi. Da ƙananan hukumomi suka gaji En'e a 1976, aikin ya rabu. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da lambunan shaƙatawa da filayen gari, dokar ƙasa ta 1978 kuma ta yardar musu su ba da filin kiwo har hekta 5,000. Manyan gandaye kuwa galibi Jiha ke riƙe da su.

To, malamin makaranta, ka koya wa yara wannan. Inda aka mance iyaka, gona ta kan ci burtali, manomi da makiyayi su yi ta faɗa, itatuwa su ƙare, iska ta kwashe ƙasar.