Ko Kun Sani? Ƙura Kan Makantar da Na'urar DVD

Ko kun san cewa sau da yawa in na'urar DVD ta rubuta "No Disc", lafiyarta ƙalau, ƙura ce kawai ta rufe mata ido? A cikinta akwai wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba. Ta nan jan hasken laser ke fita ya karanta layukan faifai, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Shi ya sa a gari irin Uke, da ke bakin hanyar Abuja zuwa Keffi, ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta hana kallon fim ɗin Kannywood. A cire wuta tukuna, a goge gilashin a hankali da auduga mai tsabta. Abin takaici ne a jefar da na'ura saboda wannan.

Shi kuwa faifai, daga tsakiya ake goge shi zuwa baki. In aka bi zagaye, ƙarzuwa kan bi layi ɗaya ta lalata bayanai masu yawa a jere, hoto ya riƙa tsayawa.

Wani faifan kuma lambar yanki ce ke hana shi aiki, in ba ta dace da ta na'urar ba. Nijeriya tana yanki na 5, Amurka na 1, Saudiyya da Turai ta Yamma na 2. In hoton faifan Amurka ya fito fari da baƙi, a duba saiti, domin tsarin hoton talabijin ɗinmu PAL ne, na faifansu kuwa NTSC.