Dole da Ganin Dama: Yadda Sassan Manhaja Ke Dogara da Juna

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwan Yelwa ta ƙasar Yauri, ya ga ana shirya jirgin da zai nufi Warra, zai lura cewa kayan jirgi ba darajarsu ɗaya ba. Inji ba ya tashi sai da mai, mai kuma ba ya kamawa sai da fulogi. Amma ko babu rumfa da rediyo, jirgi zai ratsa tafkin Kainji. Rigar ceto kuwa tana tsakani: jirgi zai tashi ba ita, sai dai mai hankali ba ya barin ta.

Haka abin yake ga manhajar kwamfuta. Babbar manhaja haɗa ta ake yi daga ƙananan sassa waɗanda mutane daban-daban suka rubuta. Kowane sashe yana ɗauke da bayanin sassan da yake bukata. Alal misali, tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, ya kasa irin wannan dogaro zuwa matakai. Akwai na dole, wanda in babu shi ba a kammala girka manhajar. Akwai na shawara, wanda ake girkawa tare da ita sai in mai kwamfutar ya hana. Sannan akwai na ganin dama, wanda ambatarsa kawai ake yi.

Haɗarin yana cikin na dole, domin shi ma yana da nasa na dole, har abin ya zama sarƙa mai tsawo. A watan Maris na 2016, wani marubucin manhaja ya janye ayyukansa daga rumbun npm bayan saɓani kan sunan ɗaya daga cikinsu. A ciki akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi a farkon rubutu. Nan take girka dubban manhajoji ya gagara, har da Babel. Da yawa daga masu su ba su ma san suna dogara da shi ba, domin can ƙarshen sarƙar yake. Sai da masu rumbun suka maido da shi kafin aiki ya daidaita.

Saboda haka masana kan bi ƙa'idoji biyu. Ta farko, kada a sa sashe cikin na dole sai in da gaske aikin ba zai yiwu ba sai da shi. Ta biyu, kafin manhaja ta yi amfani da na ganin dama, ta fara duba ko yana nan. In ba ya nan, ta bi wata hanya maimakon ta tsaya cak. Matuƙan jirgi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ko injinsu sabo ne, ba a rasa filafili a cikin jirgi.

Ɗalibin da ya fara koyon rubuta manhaja, kafin ya ari sashen wani, ya kamata ya tambayi kansa abin da zai faru ranar da aka wayi gari babu shi.