Darussan Dogon Hutu ga Yaran Abuja

Darussan dogon hutu, wato horon da ake shirya wa yara bayan an rufe makarantu, sukan faɗo ne a Abuja tsakanin ƙarshen Yuli da Satumba, lokacin da damina ta kankama. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA takan gudanar da irinsu, inda yara ke koyon rubuta manhajar kwamfuta da haɗa mutum-mutumi. Amfaninsu zai fi bayyana idan aka kai su harabar manyan makarantu irin Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, domin yaron da ya taɓa kayan ɗakin gwaje-gwaje da hannunsa yakan daina ganin jami'a a matsayin wurin 'ya'yan masu hali kaɗai.