Tattara Bajojin Sojojin Laima na Yaƙin Duniya na Biyu

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masu tattara kayan tarihi suke tantance bajojin ƙyalle na sojojin laima.

Bajo shi ne ɗan ƙyallen da ake ɗinka wa soja a hannun riga domin a san rundunarsa. A 1942 sojojin laima na Ingila suka fara sa hoton doki mai fukafukai da mahayinsa, shuɗi a kan ja mai duhu, zanen Edward Seago. Runduna ta 101 ta Amurka kan gaggafa ta ɗauka, ta 82 kuwa haruffan AA. Da waɗannan bajoji aka dira Normandi ranar 6 ga Yuni, 1944, sannan Holan cikin watan Satumba.

Darajarsu ta jawo masu yin jabu, saboda haka akan duba abubuwa uku. Na farko, zare: ulu da auduga aka fi amfani da su a lokacin, zaren foliyesta bai shiga kasuwa ba sai bayan yaƙi. Na biyu, haske: farin zaren zamani yakan yi ƙyalli a ƙarƙashin fitilar altarabayolet, saboda sinadarin ƙara fari da ake sa masa. Na uku, asali, wato hoto ko takardar sallama mai danganta bajon da sojan da ya sa shi.

Wannan na uku shi ne mafi muhimmanci ga mai nazarin tarihi, domin in bajo ya rabu da sunan mai shi, runduna kaɗai zai nuna, labarin mutumin kuwa ya salwanta.